Shekarar da Na Haɗa wa Baba Mantau Lasifika

Na san abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je gida Kirsimeti. Ana ce muku ubanku ya taɓa barin ikilisiya, wasu ma su ce saura ƙiris ya musulunta, shi ya sa ya gudo Funtua. Ban taɓa tsayawa gardama da masu faɗin haka ba, domin yawancinsu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, waɗanda suka gani da idonsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu da idona ya hana ni zaman shago, bari in ajiye muku maganar yadda take. Ba don ku ji haushin kowa ba. Kowa a cikin labarin nan ya yi abin da ya ga shi ne daidai.

Kakanku Bawa, wanda ya zama Bulus bayan baftisma, da wansa Mantau, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Maguzawa ne, a wani ƙauye tsakanin Tsiga da Malumfashi, inda ƙasa take baƙa kuma auduga take yi. Kusan lokaci guda suka bar tsafin ubansu, amma ba ta ƙofa ɗaya suka fita ba. Mantau ya je dako a kasuwar auduga ta Funtua ya dawo yana salla. Bawa ya je asibitin mishan da gyambo a ƙafa ya dawo da littafi. Suka raba gandu, suka ja danga a tsakiyar gida. Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa, suna zuwa gayyar juna, in an yi haihuwa a ɗaya ɓangaren mata su tsallaka. Amma ban taɓa ganin sun sa hannu a ƙwarya ɗaya ba, kuma in Baba Mantau zai yi magana da ubana, a bakin danga yake tsayawa. Da Musulmin ƙauyen suka gina masallacin laka suka naɗa shi ladan, saboda Allah ya ba shi murya. Ubana kuma ya zama ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. Ni a coci Yohanna nake, a bakin Baba Mantau kuwa har ya mutu Tanko nake, sunan da kakata ta sa mini.

Aikin lasifika ya same ni ne ta kafaɗa. Akwai wani Baturen mishan da muke kira Dogo, yana fita wa'azi kasuwa-kasuwa da na'urar magana, yana bukatar mai ɗaukar batir. Lokacin na yi aure ke nan da uwarku Rahila, ina da ƙarfi, aka ce in bi shi. Kayan guda huɗu ne: batirin mota, da makirfo wanda ake magana a cikinsa, da amfilifaya, wato akwatin ƙarfen da ke ƙara wa murya ƙarfi, sai lasifika mai baki kamar ƙaho da ake ɗaurawa a kan itace. Dogo mutum ne mai haƙuri da inji fiye da yadda yake haƙuri da mutane. Shi ya nuna mini cewa wayar makirfo ba kamar sauran wayoyi take ba, tana da 'yar siririya a ciki mai ɗauke da muryar, da saƙa a bayanta mai kāre ta daga hayaniya, kuma in ka juya su akwatin zai yi ta gurnani kamar kare. Ya nuna mini liƙi da dalma. Ya nuna mini cewa jan kai na batir ba ya haɗuwa da baƙi, kuma in ka kunna sai ka jira ƙwayayen cikin akwatin su yi ja kafin ka buɗe baki. Kafin damina biyu ya daina taɓa kayan, ni nake haɗawa, ni nake kwancewa, a ɗakina ma ake ajiye su. Ya yi mini alkawarin cewa bayan kaka zai tura ni Jos, inda mishan ke da ɗakin ɗaukar murya, in koyi aikin sosai. Rahila har ta fara tambayar mata irin sanyin da ake yi a can.

Shekara huɗu ko biyar ke nan da samun mulkin kai, kuma ku da ba ku ga zamanin ba sai na gaya muku yadda yake. Motoci ne suke shiga ƙauyukan Maguzawa da manyan mutane da malamai, a tara jama'a, a yi wa'azi, a raba yadi da carbi, mutane su karɓi kalma a taro. Ba zan ce an tilasta wa wani a ƙauyenmu ba, domin ban gani ba. Amma gidaje uku da suke zuwa cocinmu sun daina zuwa, kuma waɗanda suka rage suka zama kamar kaji da suka ga inuwar shaho. Kowane ƙaramin abu sai a auna shi, wa ya gaida wa, wa ya ci naman sallar wa.

A wannan shekarar ce Baba Mantau ya kwanta ciwon ƙirji tun farkon damina. Ya tashi, amma muryar ba ta tashi tare da shi ba. In ya yi kiran salla, ko gidan da ke jikin masallaci sai an kasa kunne. Aka fara maganar a ba wani kiran. Ana cikin haka wani mai sayen auduga, Alhaji Nalado, ya dawo daga Kano da kayan lasifika sabbi ya ba masallaci sadaka. Direbansa ya gwada haɗawa, abin ya yi wata irin ƙara da ta watsa awakin unguwa, daga nan ya yi shiru. Suka mayar da kayan cikin kwali suka ajiye a gidan liman, ana jiran ranar da za a samu mai gyara daga Funtua.

Wata ranar Talata da hantsi muna sussukar masara a tsakar gida, sai muka ji sallama. Baba Mantau ne, kuma bai tsaya a bakin danga ba, ya zagayo ta ƙofa ya shigo. Inna Kande, uwata, ta shimfiɗa masa tabarma tana kallon ubana. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gona, ruwa, jiki. Sa'annan ya ce da muryar nan tasa da ta koma kamar ana murza busasshen ganye:

"Bawa, aron ɗanka na zo."

"Tanko ai naka ne, Yaya. Wane aiki?"

"Injin nan na Alhaji. Liman ya ce in injin ya yi magana kafin Juma'ar sama, kiran yana hannuna. In bai yi ba, za su ba ɗan gidan Maiunguwa."

Ubana ya ci gaba da murza masarar da ke hannunsa har ya gama da ita. Ya ce:

"Yaya, da jinka ce ta zube, da yanzu mun tashi da ni da shi. Wannan kuwa ka san abin da yake. Ka san kuma inda muke ciki."

"Na sani. Shi ya sa ban aiko yaro ba, na zo da ƙafata."

Ya juyo ya dube ni, ya tashi ya yi sallama ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya cika da magana, amma ba wanda ya ɗaga murya. Ubana ya ce hannun da aka koya wa aiki don bishara ba zai je ya ƙara wa wani kira ƙarfi ba, kuma in na yi, shi da bakinsa ba zai iya kāre ni a gaban dattawa ba. Inna Kande ba ta taɓa maganar addini ba ko sau ɗaya. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne shekarar da fara ta cinye mana gona, ina goye, Mantau ne ya buɗe rumbunsa. Ubana ya ce ya sani, kuma hatsi da hatsi ake rama shi. Rahila ta bari sai da muka je ɗebo ruwa tare, sa'annan ta ce:

"Yohanna, in ka taɓa wayar nan, Jos ta tafi. Ka sani ko?"

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne. Ni dai ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. Amma kada ka yi sa'annan ka zo kana ce mini ba ka zata ba."

Na je wurin Dogo na gaya masa, don kada ya ji a bakin wani. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce shi baƙo ne, ikilisiya ta dattawanta ce, abin da suka yanke shi zai bi. Ya ƙara da cewa in na je, kada in ɗauki ko ƙusa ɗaya daga cikin kayan mishan. Na ce ban yi niyya ba.

Kuna iya tambaya me na auna. Gaskiya ba wani dogon tunani na yi ba. Na ga cewa ko na je ko ban je ba, mai gyara zai zo daga Funtua, lasifikar nan za ta yi magana, kuma cocinmu zai ji ta. Abin da zuwana zai canja kawai shi ne bakin da zai tsaya a gaban makirfo. Dattijo ne da ba shi da ɗa namiji a raye, gonarsa ta ragu, ba abin da ya rage masa da ake kiran sunansa da shi sai wannan tsayuwar sau biyar a rana. Ranar Alhamis da safe na ari ƙarfen liƙi da 'yar dalma a wurin mai gyaran kwanoni, na bi ta gaban ubana yana wasa lauje na ce masa na tafi masallaci. Bai ɗago ba.

Na tarar da liman da Alhaji Nalado da mutane da dama a gindin durumin ƙofar masallaci. Na cire takalmi na tsaya a bakin ƙofa, liman ya ce in shigo, aiki ne ya kawo ni. Muka fito da kayan daga kwali. Akwatin lafiyarsa ƙalau, fis ne kawai, 'yar wayar da ke kāre shi, ya ƙone saboda an juya kan batir, kuma mai sayarwa ya sako wani a cikin leda. Matsalar tana ga makirfo. Kan wayarsa bai dace da ramin akwatin ba, aka yanke shi aka cusa wayar tsirara, 'yar cikin da saƙar bayan suka cakuɗe. Na sa aka hura gawayi a kasko na sa ƙarfen liƙi a ciki. Na feɗe wayar a hankali, na ware 'yar cikin gefe, na murɗe saƙar gefe. A ƙasan kwalin na samo kan da ya zo da akwatin, wanda ba wanda ya kula da shi. Na liƙa 'yar cikin a tsakiyarsa, saƙar a jikinsa, na naɗe da tsumma mai ƙaro don kada su taɓa juna. Sai lasifika. Ranar da direban ya gwada, a cikin masallaci suka rataye ta, bakinta na kallon inda ladan zai tsaya, abin da ya jawo ƙarar nan ke nan, domin muryar tana fita ta koma cikin makirfo ta sake fita, ta yi ta zagayawa. Na hau rufin na ɗaure ta a kan azara, bakinta na duban gabas wajen gonaki, na sauko da waya ta taga. Na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, na murɗe ƙarar ƙasa gaba ɗaya, na kunna. Da ƙwayayen suka yi ja na ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, muka ji ƙwas ƙwas daga saman rufi.

Alhaji ya ce in faɗi wani abu a ji. Na ce ba ni zan fara magana a cikinsa ba. Na kira Baba Mantau na tsayar da shi.

"Baba, kada ka yi ihu. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninka da shi, ka yi kamar kana magana da mutum a ɗaki."

"Kiran salla ne fa, Tanko. Ya za a yi shi kamar hira?"

"Kai dai kawo muryar, ƙarfin na akwati ne."

Ya yi gyaran murya, gyaran muryar ya fita har bakin rafi, mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Rana ta riga ta karkata, liman ya duba inuwa ya ce lokaci ya yi. Na nuna wa Baba inda ake kunnawa da inda ake kashewa, na ɗauki ƙarfen liƙina na fita kafin ya fara. Ina kan hanyar gida na ji shi. Muryar ba irin ta da ba ce, akwai kaushi a cikinta, amma duk wanda ya san shi ya san shi ne. Mata suka fito ƙofar gidaje da muciya a hannu. Alhaji ya aiko mini da goro da yadi, na mayar, na ce wan ubana na yi wa aiki.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce in tsaya. Dattawa suka zauna a bencin gaba, Fasto Ishaya a tsakiya, ubana a ƙarshe. Fasto Ishaya mutumin kirki ne, shi ya ɗaura mana aure, kuma gidajen nan da suka bar coci shi ya yi musu baftisma da hannunsa, saboda haka na san abin da ke cin sa. Ya tambaye ni ko na yi salla, na ce a'a. Ko na karɓi lada, na ce a'a. Ya ce:

"Yohanna, tun ranar Alhamis tsofaffin matanmu suke tambayata ko mu ma mun kusa tafiya ne, tunda ɗan dattijo ne ya hau rufin. Me zan ce musu? Ka tashi gaban jama'a ka ce ka yi kuskure, mu rufe maganar."

"Fasto, in na ɓata wa iyayenmu mata rai, zan bi su gida-gida in ba su haƙuri. Amma in ce aikin kuskure ne, ban ga haka ba, kuma ba na so in tsaya a gaban bagade in faɗi abin da ban yarda da shi ba."

Suka sa ni na fita suka yi shawara. Da aka kira ni, aka ce an sa ni ƙarƙashin horo: ba zan ci jibin Ubangiji ba, zan zauna a bencin baya, kuma in mayar da kayan lasifika gidan mishan, har ranar da zan tuba. Fasto ya ce duk dattawa sun yarda. Na dubi ubana, ya ce:

"Har da ni."

Wannan shi ne abin da ake kira barin ikilisiya. Ban fasa zuwa ba ko Lahadi ɗaya. Na zauna a bencin baya kusa da ƙofa, inda masu jarirai suke zama, Rahila ta bar wurinta a cikin mata ta dawo kusa da ni, ko da yake ba a sa ta ba. Na kai wa Dogo kayansa da kaina, na haɗa masa su a gabansa ya ga komai na aiki. Ya ce maganar Jos ta tsaya, tunda sai da takardar ikilisiya ake karɓar mutum. Wani aka tura a madadina, kuma na ji ya yi aikin da kyau. A ɗaya ɓangaren kuma wasu suka ɗauka na kusa shigowa, suka fara ce mini Malam Tanko suna aiko mini da buta. Baba Mantau ne ya tsawata musu. Ya ce waya na liƙa, ba addini na canja ba, a ƙyale ni.

Abin da ya fi mini nauyi ba bencin baya ba ne. Hannuna ne da ya saba da aiki ya rasa abin taɓawa, da kuma gidan da ya yi tsit. Ni da ubana muna noma kunya ɗaya, muna gaisawa da safe, daga nan sai batun taki da na shanu. Da aka gama cirar auduga, mai gyaran kwanonin nan ya gaya mini akwai wani mai gyaran rediyo a bakin tashar Funtua da ke neman wanda ya iya liƙi. Na gaya wa Rahila. Ta ce Funtua ba Jos ba ce, amma aƙalla ba sai ta nemi bargo ba. Shagon da kuka tashi kuka gani daga nan ya samo asali. Horon kuwa a cocin Funtua aka ɗage shi bayan wasu shekaru, ba tare da an sake tambayata komai ba.

Ranar da za mu tashi, Inna Kande ta yi kukanta a gida ta gama. Ubana ya ɗauki akwatin Rahila a ka ba tare da an roƙe shi ba, ya raka mu bakin titi inda motar auduga ke tsayawa. Tafiya ce mai ɗan nisa. Muka zauna a gindin wata ɗorawa muna jira, Rahila ta koma gefe. Motar ta yi latti har rana ta take tsaka ta wuce. Sai ga kiran azahar daga ƙauye, ya tsallako gonakin da aka cire wa auduga ya iso inda muke, sarai. Ubana ya saurara har aka gama. Sa'annan ya ce, yana kallon titi:

"Da muna yara, Yaya Mantau uwarmu take sawa ya kira ni daga kiwo. Duk inda na kai da awaki sai na ji shi. Na ɗauka ba zan ƙara jin sa daga nesa ba."

Ya ƙara da cewa:

"Da za a sake zaman dattawan nan gobe, haka zan sake cewa. Ka gane?"

"Na gane, Baba."

"To. Ka nemi coci tun ranar da ka sauka, kada ka ce sai ka huta."

Motar ta zo. Ya miƙa wa yaron mota akwatin, ya riƙe wa Rahila hannu ta hau, ya ce in duba igiyar buhun dawa kada ta kwance a hanya. Da muka tashi na waiwaya, ya riga ya juya ya kama hanyar gida.